Ƙwarin Raga a Gidan Liman

Ku 'ya'yana, na san kun sha jin labarin shekarar ƙwari a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake zuba masa. Hadiza ma ta taɓa dawowa daga wani biki a Gidan Dare idonta jawur, wai wata tsohuwa ta nuna ta da baki ta ce ga ɗiyar mai yankan ƙwari nan. A ranar ban ce mata komai ba, don na san halina, in na buɗe baki ban san inda zan tsaya ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara gajiya, waɗanda aka yi abin a gabansu kuma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. To gara ku ji daga bakin mai ita, kada wata rana wani ya ba ku labarin kakanku a karkace ku rasa abin da za ku ce masa.

A shekarar nan an mai da babanku aiki wani gari mai nisa, ni kuma ina tsakiyar karatun digiri na uku, sai na kwaso ku muka dawo gidanmu na Ƙofar Marke. Ba mu daɗe ba malaman jami'a suka shiga yajin aiki, aka garƙame ɗakin bincike. Malamin da ke duba aikina ya ji tausayina, ya ba ni aron madubin ƙara girma, irin wanda ake ce wa madubin likita, ya ce in ci gaba a gida kafin a buɗe. Na yi murna ƙwarai. Ban tsaya na tuna wane gida zan kai shi ba. Mahaifina, wanda kowa ke kira Malam, shi ne limamin masallacin unguwa, ya gaji mahaifinsa a wurin, kuma tun kafin a haife ni muryarsa ce ke ta da kabbara sau biyar a rana. Ni ce kuma ɗiyarsa ta fari. Kun san al'adar gidanmu: ba ya kiran sunana, ba ma zama mu yi hira, in yana da magana da ni sai ya aiko ƙanwarsa, Goggo Luba, wadda ke zaune a sashen baya tun rasuwar mijinta.

Ƙwarin da nake aiki a kansu kun san su ko da ba ku san kun san su ba. Su ne waɗannan masu launin ruwan goro da baƙi a ƙarshen fiffike, da ke lafewa a kan furanni da ciyayi a bakin fadama in damina ta kankama. In ka duba fiffiken da kyau za ka ga jijiyoyi sun sassaƙu kamar raga, shi ya sa muke ce musu ƙwarin raga. Ɗaci gare su, tsuntsu ba ya cin su, don haka duk danginsu suka yi anko da launi ɗaya. A nan wahalar take. Za ka ɗauki biyu ka rantse uwa ɗaya uba ɗaya suke, alhali ko rukuninsu ba ɗaya ba ne. Launi yana ruɗi, girman jiki yana ruɗi, matan kuwa sun fi rikitarwa. Abin da ya fi rarrabe su shi ne gaban namiji. Sai ka cire ƙarshen cikin wanda ya riga ya mutu, ka jiƙa shi a wani ruwan magani mai kaifi kamar ruwan kanwa har naman ya narke, ka zaro ɗan abin da allura, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, ka sa a madubi, ka zana shi da girma a takarda. Na wani rukuni siriri ne miƙaƙƙe, na wani yana da 'yan rassa biyu a gefe, na wani kuma ƙarshensa ya lanƙwashe kamar ƙugiya. In ka gama sai ka ajiye shi a 'yar kwalba ƙarama, irin ta turare. Aikin ke nan. Ba tsafi, ba surkulle, sai ciwon wuya da ciwon ido.

Wata hantsi ina zane a bakin taga, Goggo Luba ta ɗaga labule ta shigo neman ashana. Ta tsaya tana kallon takardun da na manna a bango, ta karkata kai nan, ta karkata can.

"Balki, wanga hwa mi na? Ƙotar fartanya kika zanawa?"

"A'a Goggo, gaban namijin ƙwaro na."

"Gaban mi?"

Na maimaita mata. Har gobe ban ga laifina ba, tambayata aka yi na ba da amsa. Goggo ta dafe ƙirji, ta dubi jerin kwalabe, ta dube ni, ta yi salati har da tafa hannu. Ta fita ba ta ɗauki ashanar ba.

Goggo ba muguwa ba ce, Allah ya jiƙan ta. Cikinta ne kawai ba ya riƙe magana. A wurin wani suna ta gaya wa ƙawarta cikin raɗa, don a taya ta addu'a. To zance in ya fita zaure ba ya dawowa yadda ya tafi. Kuma a Sakkwato muke, garin da in mace ta ji an haɗa namiji da 'yar kwalba a magana ɗaya, tunaninta wuri guda yake zuwa. Kafin mako ya zagayo, sai ga mata sun fara sallama. Wannan ta zo gaida Inna mahaifiyata, waccan ta zo ganin yara, daga nan sai a zame a leƙo ɗakina. Wata amarya ta durƙusa har ƙasa, ta rufe fuska da mayafi, ta ce a taimaka mata da irin na 'yan boko, an ce ya fi na gargajiya kama jiki. Na yi mata bayani a hankali, ba ta yarda ba. Ta biyu na yi mata bayani da ɗan zafi. Ta uku kam, wata Hajiya mai haƙorin Makka, na ce mata in ta sha abin da ke cikin kwalbar nan sai dai a kai ta asibiti, kuma ta tashi ta ba ni wuri. Ashe na taɓo gidan rina. Ita ce ta fita tana cewa ai akwai maganin, matan manya kawai nake sayar wa.

Daga bakin mata zance ya faɗa kunnen maza, a nan ne ya daina zama abin dariya. Aka ce daga gidan liman ake fitar da abin da ake barbaɗa wa maza a tuwo don a mallake su. Wani mai shago a Tudun Wada an ce har ya daina cin abincin gidansa. Ni ina cikin gida ban san tsananin abin ba, sai da na lura da amin. Bangon ɗakina da masallaci ɗaya ne, tun ina ƙarama nake jin amin ɗin magariba kamar saukar ruwa a kan kwano. Sai na ji tana raguwa. Kullum tana raguwa. Wata rana na kasa kunne, muryoyin da na ji ba su fi na sahu ɗaya ba, shi ma da ƙyar.

Malam ya ci gaba da harkokinsa. Yana fita, yana shigowa, yana ba ɗalibansa karatu a zaure. Amma tuwonsa yana dawowa kusan yadda aka kai shi, Inna kuma ta daina kallon inda nake.

Ranar wata Laraba bayan la'asar dattawan unguwa suka zo. Na laɓe a bayan ƙofar zaure ta ciki, ina ji. Alhaji Sahabi ne ya yi magana, shi ne babbansu, kuma abokin Malam tun suna yara. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Malam, mu ba mu zo tuhumarka ba. Mun san ka, mun san mahaihinka. Amma jama'a sun watse. Sun ce ba su bin sallar wanda aka haɗa asiri cikin gidanai."

"Kun gani da idonku?" in ji Malam.

"Ba mu gani ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ka samun wurin shiga. Ko babu asiri, ɗiyar malam, matar aure, ta zauna tana zanen al'aura, ai bai yi kyawon ji ba. Abu guda muka roƙo. Ran Juma'a bayan magariba ka tashi ka shaida ma jama'a ka hana, an hidda kayan daga gida. Shi ke nan, kowa shi dawo. In ba haka ba, wallahi ba mu san abin da za mu ce masu ba."

Malam ya ce ya ji, su ba shi zuwa Juma'ar.

Na koma ɗaki na rasa inda zan sa kaina. Ku fahimce ni da kyau. Da Malam ya ce in bari, bari zan yi, ko da kuwa shekarun da na kwashe ina bin fadama da rana za su tafi a banza. Ba a yi ɗiyar da za ta ja da shi ba a gidan nan. Amma in ya tashi a masallaci ya ce ya hana, to ya tabbatar wa duniya cewa da ma akwai abin hanawa, kuma wannan tambarin zai bi ni, ya bi ku. In kuma bai hana ba, limancin da ya gada zai fita daga hannunsa saboda ni. Ko ta ina na juya wuƙa ce. Na ji haushin Goggo, na ji haushin Hajiyar nan, na ji haushin 'yan yajin aiki, har ƙwarin ma na ji haushinsu.

Washegari ya aiko Goggo ta tambaye ni mene ne ainihin abin da nake yi. Na zaunar da ita na yi mata bayani dalla-dalla. Ta tafi, na bi ta a baya na saurara. Abin da ta gaya masa shi ne, wai na ce ina duba wani wuri ne a jikin ƙwarin, wurin da ba ya faɗuwa, don in san na wa ya fi na wa. Innalillahi! Kunya ta hana ta faɗin gaskiya, sai ta faɗi abin da ya fi ƙarya muni. Na ga in aka bar maganar a hannun Goggo, kafin Juma'a an gama da ni. Amma yaya zan yi? In tsaya gaban mahaifina in furta wannan kalma? Ko a mafarki ban taɓa ba. Sai na yanke shawarar sauƙaƙa masa. Na ciro takardun daga bango, na jera kwalaben a kwali, na fara naɗe madubin a cikin zane. Na ce in kayan sun bar gidan kafin ya yi magana, wataƙila ba sai ya tashi a masallaci ba.

Ina cikin ɗauri da safiyar Juma'a, bayan rana ta ɗaga, na ji gyaran murya a ƙofar ɗakina. Malam ne. Tunda na yi wayo bai taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin da nake ba. Bai dube ni ba, bango yake kallo.

"Kwance shi. Hito da shi tsakar gida, inda haske."

Na ɗora madubin a kan ɗan teburi a gindin darbejiya. Inna ta shige ɗaki ta saki labule. Goggo ta tsaya daga nesa da muciya a hannu. Na zuba ɗaya daga cikin abubuwan a ɗan faranti na gilashi, na daidaita, na ja da baya. Malam ya tattare rigarsa, ya zauna a kujera 'yar tsugune, ya kai ido.

"Ban ga komi ba. Duhu na."

Na ce ya ɗan ɗaga kai kaɗan.

"Yanzu gashin idona nika gani."

Na san wannan, duk wanda ya fara duba madubi haka yake yi, amma Malam ba ɗalibi ba ne da zan kama kansa in gyara. Idonsa kuma ya manyanta, inda ya dace da nawa bai dace da nasa ba. Na ga ya fara ɗagowa, alamar ya gaji. In ya tashi bai ga komai ba, me zai gaya wa mutane? Cewa ya duba ya ga duhu? Ban san lokacin da na matsa na durƙusa a gefensa ba, kafaɗata har tana taɓa hannun rigarsa, na kama maɓallin ina juyawa a hankali. Na ce in ya fito ya gaya mini. Na juya, shiru. Na ƙara juyawa, shiru. Har na fara fid da rai.

"Tsaya."

Na tsaya. Ya ƙura ido a madubin.

"Wanga shi na zakarin ƙwaron?"

Goggo ta saki muciya. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Ya ɗago, a karo na farko ya dube ni ido cikin ido.

"Mi kika ma kunya? In muna karatun tsarki a zaure, sunanai muka hwaɗi gaban ɗalibai, babba da yaro. Wanda yaj ji kunyar tambaya shi ka mutuwa da jahilci. Sa min na biyun."

Na sa masa na biyu, daga ƙwaron da a ido ba shi da maraba da na farko. Na ajiye masa ƙwarin biyu a tafin hannu ya gani. Ya duba madubi, ya duba tafinsa, ya sake duba madubi. Ya ce na farko miƙaƙƙe ne, wannan kuma yana da rassa. Na ce haka ne, shi ya sa ba rukuni ɗaya ba ne. Ya tambaye ni ko da ransu nake yanka su, na ce sai sun mutu. Ya tambaye ni ko yana maganin wani abu, na ce ko ciwon kai ba ya magani. Ya ce to mene ne amfaninsa? Na ce don a san su ne, a daina kiran wannan da sunan wancan. Ya jinjina kai, ya ce tsarki ya tabbata ga wanda bai yi ha'inci ba ko a inda ido ba ya kaiwa. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya fita, bai ce mini bari ba, bai ce ci gaba ba.

Wunin nan ban ci ba, ban sha ba. Da aka kira magariba na manna kunnena a bango. Masallacin ya cika fiye da kullum, don kowa ya ji za a yi magana. Aka sallame, aka yi addu'a, sai na ji muryarsa.

"Jama'a, an ce in hana. Na tahi na duba da idona, gani ya kori ji. Babu asiri, babu magani, ilimi na, irin wanda ni ban da shi. In nic ce haram na don sahu shi cika, na yi ma Allah ƙarya, na kuma sa hannu ga ƙazahin da anka yi ma baiwar Allah. Ba ni iyawa."

Masallaci ya ɗauki guna-guni. Wani daga baya ya ce ai ɗiyarsa ce, dole ya kare ta. Wani ya ce a yi wa Malam shiru. Na ji takalma sun fara motsi a bakin ƙofa. Malam ya ɗaga murya kaɗan.

"Ku dakata. Na san akwai wanda zuciyatai ba ta kwanta ba, kuma ba ni son in ja mutum salla shina ƙyamata. Ba ni kuma son masallacin ga shi rabe biyu sabadda ni. Buhari, daga isha'i kai za ka shiga gaba."

Malam Buhari na'ibinsa ne, ɗalibinsa ne da ya yi karatu a zaurenmu tun yana yaro. Na ji shi yana kuka yana cewa a'a, Alhaji Sahabi ma yana cewa ba haka suka nufa ba. Malam ya ce ya gama magana.

To kun ji. Ba tuɓe kakanku aka yi ba, kamar yadda wasu ke faɗi, kuma bai rasu yana fushi da ni ba. Da ƙafarsa ya ja da baya. A daren nan na shiga zaure na same shi, na zube a gabansa, ban damu da wata al'ada ba, na ce wallahi na bari, ya koma ya gaya musu na bari da kaina. Ya ce in na bari yanzu, to na mai da shi maƙaryaci a gaban jama'a, in tashi in je in gama abin da na fara.

Na gama. An buɗe jami'a, na kare aikina, na koyar har na yi ritaya. Zancen magani ya mutu da kansa da mutane suka sami wani abin taunawa. Bayan wasu shekaru dattawa suka dawo suka roƙe shi ya karɓi limancinsa, ya ce Buhari bai yi laifin da za a ja shi baya ba. Kada ku zaci abin bai yi masa ciwo ba. Ya yi masa. Inna ta ce ya daɗe in an ta da iƙama ƙafarsa tana kai shi gaba, sai ya tuna, ya dawo. Ni kuwa duk takardar da aka ba ni a kan ƙwarin nan, ban taɓa karɓarta da farin ciki cikakke ba. Har Allah ya karɓi ransa, a sahun farko yake tsayawa, daga dama, bayan Buhari, yaron da shi ya koya wa alwala.